Dariyar Layi na Biyar

Mu shida ne muka je, dukkanmu daga ofis ɗaya, inda muke rubuta manhajar waya tun safe har dare. Wata Asabar ce a Kaduna, bayan sallar isha'i, a wani zauren taro da aka mayar gidan wasa na dare ɗaya. Wata ƙungiyar matasa ce ta shirya wasan kwaikwayo na barkwanci, aka yi ta yawo da tallarsa a WhatsApp, har ɗaya daga cikinmu ya gaji da ganinta ya saya mana tikiti ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Muka zauna a layi na biyar, kan kujerun roba, fankoki biyu na juyawa a sama ba su rage zafin da komai ba.

Labarin ba sabo ba ne. Wani saurayi ne ya tashi zuwa gaishe da surukai, ya aro mota, ya aro babbar riga, ya aro agogo, har takalmin ƙafarsa na maƙwabci ne. Yana zaune a zauren surukinsa yana ba da labarin kayansa da ke tafe a jirgin ruwa, sai masu kayan aro suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa na gaggawa. Mai agogo ya zo cikin ladabi ya kwance abinsa, wai lokaci kawai zai duba. Mai takalmi ya zauna a bakin ƙofa ya gaisa da kowa, da ya tashi tafiya sai aka ga ya sa biyu ya riƙe biyu. Kafin mai riga ya iso, zauren ya gama ruɗewa. Babbanmu a ofis, mutumin da za ka yi wata guda ba ka ga haƙorinsa ba, yana dukan kujerar gabansa yana share hawaye. Wanda ya fi kowa sheƙewa a cikinmu kuwa shi ne wanda har yau bai gama biyan bashin lefensa ba. Duk mun san da bashin, shi ma ya san mun sani, wannan ya ƙara wa abin armashi.

Mun daɗe rabonmu da irin wannan daɗin. Dariya ce da in ta fara lafawa sai ka juya ka dubi na kusa da kai, ka tarar shi ma kai yake duba, sai ta sake tashi sabuwa fil. Shekara da shekaru muna zaune a ɗaki ɗaya, kowa ya toshe kunne yana fuskantar kwamfutarsa, amma a daren nan ne wasunmu suka fara jin yadda sautin dariyar wasu yake.

Ana cikin haka sai wani yaro ya shigo dandali a guje, ɗan aiken saurayin, an ba shi rawar mai in'ina. Ya buɗe baki ya kama harafin farko, harafin ya ƙi sakinsa. Yana buga ƙafa, yana runtse ido, yana jan wuya. Zaure ya ɗauka, mu ma muka ɗauka. Da ɗan wasan ya ga abin ya karɓu sai ya koma baya ya sake, ya ƙara masa tsawo, ya haɗa da faɗuwa ƙasa. Sau huɗu ya yi, kowane karo ihun ya fi na baya.

A karo na biyu ne ɗaya daga cikinmu ya juya, kamar yadda muka yi ta juyawa duk daren, don ya raba dariyar da na gefensa. Na gefen nasa abokinmu ne da muka shekara huɗu muna aiki tare, mai in'ina tun yarinta. Bai ɗaure fuska ba. Akwai murmushi a bakinsa, irin wanda ake yi wa baƙon da ba a san yaushe zai tashi ba, ya ciro wayarsa yana kallon allonta ba ya taɓa komai. Wanda ya juyan ya yi shiru, na kusa da shi ya lura ya yi shiru, haka abin ya bi layi har ya kai kan babbanmu. Sauran zauren suka ci gaba da abinsu.

Da aka tashi muka tsaya wurin mai shayi, kuma a nan gardama ta ɓarke, sai dai kowa yana kewaye-kewaye. Wani ya ce, "Oga, dariya fa kamar atishawa ce, ba ta neman izini. Wa ya taɓa shirya zai yi dariya?" Wani ya ce wasa ne kawai, kuma mu Hausawa mutanen zolaya ne tun kaka da kakanni, in aka ce za a bi kowace raha da ma'auni to a rufe gidajen wasa a huta. Babbanmu ya ce shi gani yake da tashi ya kamata mu yi mu fita. Abokin namu yana juya shayinsa yana sauraro, bai ce komai ba tukuna.

Tun daga daren muke juya tambayar a tsakaninmu: shin mutum yana da alhakin dariyarsa? Mun san yana da alhakin maganarsa da aikin hannunsa. Dariya kuwa tana zuwa kafin tunani ya iso, to ta ina laifi zai shiga?

Mai maganar atishawa yana da gaskiya har zuwa wani wuri. Robert Provine, wani masani a Jami'ar Maryland ta Amurka da ya yi shekaru yana nazarin dariya, ya gano cewa mutum ya fi yin ta a cikin jama'a kusan ninki 30 a kan yadda yake yi in yana shi kaɗai. Masu shirya wasannin talabijin sun riga shi sanin haka a aikace. Tun a shekarun 1950 wani injiniyan sauti mai suna Charley Douglass ya haɗa na'urar da ke ɗauke da dariyar mutane a naɗe, ana danna ta a inda ake so mai kallo a gida ya dara, kuma yana darawa. Dariya tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, sau da yawa ba tare da ta bi ta kan hankali ba. Saboda haka fashewar farko da muka yi lokacin da yaron ya shigo, za mu iya cewa zaure ne ya ja mu.

Amma wannan hujjar tana da baki biyu. In dariyar wasu ce ta ja mu, to tamu ma ta ja wasu. Mutanen layi na shida sun ji mu, na huɗu sun ji mu, kuma wanda ya fi kowa jinmu shi ne ɗan wasan da ke kan dandali. A nan wasan da ake yi a gaban ido ya bambanta da fim. Fim an gama shi, ko ka dara ko ka yi kuka ba abin da zai sauya. Ɗan wasan dandali kuwa kunnensa na wurin 'yan kallo, inda ya ji ihu nan yake ƙarawa, inda ya ji shiru nan yake wucewa da sauri. Da wuya a ce marubucin wasan ya rubuta a maimaita in'inar nan sau huɗu. Karo na farko nasa ne, sauran ukun mu muka nema, aka ba mu.

Mu da muke wannan sana'a bai kamata a ce sai an yi mana bayanin wannan ba. Aikinmu ke nan kullum: mu sa manhaja ta ƙirga abin da mutane suka fi taɓawa da inda suka fi daɗewa, sannan ta ƙara kawo musu irinsa. Tsarin da ke zaɓar bidiyon da zai zo maka na gaba a TikTok ko Facebook ba ya tambayar ko abin yana da kyau, yana duba ko ka tsaya ka kalla ne. In mai amfani da manhaja ya yi ƙorafi cewa ana ta turo masa shirme, mukan ce a ranmu ai kai ka koya mata. A zauren nan mu ne muka zama wannan na'urar ƙirgar, ɗan wasa yana gwadawa, mu muna ba shi sakamako nan take. Ko da ba za a tambaye mu game da fashewar farko ba, ta biyu da ta uku sun zo bayan mun sami lokacin gane abin da muke wa dariya.

To me muke wa dariya? Thomas Hobbes, masanin falsafa na Ingila, a littafinsa Leviathan na 1651, ya ɗauki dariya a matsayin jin fifiko da ke zo wa mutum kwatsam in ya hangi naƙasu a wurin wani ya auna da kansa. Henri Bergson na Faransa, a ɗan littafinsa kan dariya na 1900, ya kalle ta ta wata fuskar. A wurinsa dariya aikin jama'a ce, hanya ce da al'umma ke ladabtar da wanda ya sandare a kan wani hali har ya zama kamar inji, kuma ba ta samuwa sai an ɗan kwantar da tausayi na wani lokaci. In muka ɗora waɗannan biyun a kan daren namu, sai mu ga dariya iri biyu muka yi a cikin sa'a ɗaya, da baki ɗaya, ba mu ma ji lokacin da muka tsallaka daga wannan zuwa waccan ba.

Dariyar da muka yi wa mai kayan aro ta Bergson ce. Ƙarya yake yi, kuma yana iya dainawa gobe. Duk wanda ya fita daga zauren yana da niyyar aro mota don ya burge surukai, zai ƙara tunani. Mai bashin lefen da ke cikinmu ya dara ne don ya ga kansa, kuma bai ji an ware shi ba, domin a zauren nan babu wanda bai taɓa yin ado da abin wani ba. Dariyar da muka yi wa ɗan aike kuwa ba abin da za ta gyara. Ba wanda ya zaɓi in'ina, ba kuma wanda kunya ta taɓa raba shi da ita, hasali ma tsoron a yi wa mutum dariya yakan ƙara ɗaure masa harshe. In ladabtarwa ta fita daga ciki, abin da ya rage shi ne na Hobbes: mu namu harshen lafiya lau, nasa ba haka ba. Masu nazarin matsalolin magana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin manya 100 yana da in'ina, kuma maza sun fi yawa. In zauren nan ya ɗauki mutum 300, lissafi yana cewa ba abokinmu kaɗai ba ne ya ciro waya a wannan lokacin.

Saura mai cewa mu mutanen zolaya ne. Gaskiya ya faɗa, kuma abin alfahari ne. Muna da wasan taubasai, da na jika da kaka, da na garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta wasan barkwanci tsakanin al'ummomin Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan'adam, saboda rawar da take takawa wurin kashe husuma. Muna da 'yan kama da ke kwaikwayon muryar masu karatu su juya zancen ya koma na tuwo da miya. Muna da tashe a watan azumi, inda a Kano Nalako ke jagorantar tsokanar gwagware. Ba wanda zai ce Bahaushe bai iya raha ba.

Sai dai duk wanda ya tashi a cikin wannan al'ada ya san tana da sharaɗi, ko da ba a taɓa rubuta shi ba. Abokin wasa yana da damar ramawa. Bafulatani ya ce Babarbare bawansa ne, Babarbare ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, a tashi ba wanda ya fi wani. Kaka ta tsokani jikanta, jikan ya rama, kowa ya ji daɗi. Ko Samanja Mazan Fama, da ya shekara da shekaru yana ba mutane dariya da Hausar bariki da halayen soja, wanda ya yi shi, marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja ne. Daga cikin gida yake tsokana, shi ya sa sojoji ma suna cikin masu kallonsa. Ɗan aiken wasan namu kuwa ba a ba shi damar ramawa ba ko sau ɗaya. An shigo da shi don ya kasa magana, ya kasa, aka fitar da shi. Kada kuma mu yaudari kanmu cewa wannan baƙon abu ne da zamani ya kawo. Mun taso muna kallon wasanni da finafinan da ake sa makaho ko kurma ko baƙauye don a yi masa haka, mun yi dariya, ba wanda ya tambaye mu. Al'adar tamu tana da iri biyun duka, kuma ba daidai ba ne mu fake da kyakkyawan don mu kare ɗayan.

Mu kanmu a ofis muna wasa da abokin nan, har da in'inar tasa, kuma shi ne kan fara. In kalma ta maƙale masa a taro yakan ɗaga hannu ya ce a yi haƙuri, sabis ne ya ɗauke. Mu dara, shi ma ya dara, sannan ya juyo kan wanda ya fi ƙyaƙyatawa ya tuna masa kuskuren da ya bari a manhaja makon jiya har abokan ciniki suka kwana suna kira. Wannan wasa ne da linzaminsa ke hannunsa, shi ke buɗewa shi ke rufewa. A zauren kuwa linzamin yana hannun mutum ɗari uku da ba su san da shi ba, da mutum biyar da suka sani suka manta.

Akwai tsoron da bai kamata mu raina ba, wato kada irin wannan tunani ya kashe barkwanci gaba ɗaya. Kowace raha tana taka ƙafar wani. In aka ce kada a taɓa mai in'ina, gobe mai bashi zai ce kada a taɓa shi, jibi gwauro, gata mai mata huɗu, har a wayi gari dandali ya koma wurin lacca. Mun ɗauka abokinmu zai ce a cire wannan rawar daga wasan. Da ya gama shan shayinsa ya yi magana, ba haka ya ce ba. Za mu rubuta maganarsa yadda ya nufe ta, ba tare da tsayawar da harshensa ya yi ba.

Ya ce, "Mutanena, ni ba shigowar yaron ce ta dame ni ba. Kun lura da saƙon da aka aiko shi da shi? Zuwa ya yi ya gaya wa uban gidansa cewa mai riga na tafe, ya gudu ta ƙofar baya. Da mutum ɗaya a zauren surukan nan ya yi haƙuri ya bar shi ya ƙarasa, da ba a tuɓe ango a gaban jama'a ba. Amma kowa sai ya ƙarasa masa da abin da yake zato. Wannan ya ce gobara, wancan ya ce goro. Ai su ne abin dariyar. Wasan ya zo har bakin ƙofar abin ya juya."

Muka yi shiru, domin mun gane bai tsaya kan 'yan wasa ba. Sau nawa a taron ofis ya kama kalma, ɗayanmu ya yi caraf ya ƙarasa masa, muna ganin taimako muke yi? Sau nawa abin da muka ƙarasa masa ba shi yake nufi ba, amma ya gyaɗa kai ya bar shi a haka don ya gaji? Laifi tudu ne, in ji masu magana. Mun tafi wurin mai shayi muna shirin yanke wa wasu matasa hukunci, sai ga shi rawar da muka fi iya takawa a cikin wasan nan ita ce ta mutanen zauren surukai.

Maganar tasa ta kuma warware mana tsoron kashe barkwanci. Ba a bukatar a cire kowa daga dandali. Mai in'ina zai iya shiga wasa, a yi dariya har a faɗi ƙasa, matuƙar marubuci ya san inda ya saita dariyar. Da an bar yaron ya zama shi kaɗai ya san gaskiya, sauran suna ta katse shi da hasashensu har masifa ta iso, da an sami raha mafi daɗi, da kuma kowa a zauren ya fita da wani abu da zai iya gyarawa a halinsa. Wannan ya fi wahalar rubutawa a kan a sa mutum ya yi ta buga ƙafa, kuma 'yan wasa ba za su sha wannan wahalar ba in 'yan kallo suna biyan mai sauƙin da ihu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda abin zai kasance da a waya muka gan shi. Da an yanko wannan wurin na daƙiƙa arba'in an sa a intanet, da kowannenmu ya kalla a kan gadonsa har ƙarshe, ya tura zauren WhatsApp na ofis, wanda abokin namu yake ciki. Da mun jera 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye, shi ma wataƙila ya sa tasa don kada a ce ya ji haushi, magana ta wuce. Tun 2016 da Facebook ya ƙara alamar dariya a ƙarƙashin rubutu, mun saba da dariyar da ake yi da yatsa, fuska a ɗaure, ba mai ganinka ba ka ganin kowa. A zauren kuwa juyawar nan da ta ninka mana daɗi a farkon dare, ita ce ta tsayar da mu a tsakiyarsa. Ba za ka iya samun ɗaya ka bar ɗaya ba. In kana son dariyar da ake rabawa da aboki, dole ka yarda fuskarsa ta zama shaida a kanka.

Don haka ba mu fita daga daren nan da niyyar daina zuwa kallon wasa ba. Ɗaya daga cikinmu ya nemi lambar shugaban ƙungiyar ya rubuta masa saƙo, ya yaba wasan kamar yadda ya cancanta, sannan ya gaya masa shawarar abokinmu game da ɗan aiken, ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. An amsa da godiya. Ko za su gyara, sai mun koma za mu gani, kuma abokin namu ne ya ce a saya da shi in za a sayi tikiti.

Ranar Litinin muka zauna taron safe kamar kullum. Da aka zo kansa ya fara bayani, kalma ta maƙale. Bakunan mutum biyu suka motsa, suka kuma rufe. Ɗakin ya yi tsit, ana jin ƙarar janareta daga waje, muka jira. Bai fi daƙiƙa goma ba, amma mun ji tsawonsu. Da ya ƙarasa sai ga shi yana nuna mana cewa sabon tsarin biyan kuɗin da za mu saki ranar Laraba yana cire wa mutum kuɗi sau biyu in sabis ya yanke a tsakiya. A cikin kalmomin da muke shirin ƙarasa masa da su, babu wadda ta yi kusa da wannan.